Tukunya a Kan Kabarin Baba

Da surukina ya rasu, ba daga cikin gida kuka ya fara ba, daga tasha ya faro. 'Yan kabu-kabu ne suka riga kowa ji. Suka kashe baburansu tun daga bakin titi, suka turo su da hannu har ƙofar gida, wai kada ƙarar inji ta dame shi. Mutanen da ko a gaban asibiti ba sa rage wuta. Ina tsaye a zaure, ruwan damina na ɗiga a kafaɗata, na gan su sun jeru shiru, sai a lokacin na yarda cewa Baba ya tafi.

Kafin rana ta take mata suka fara sauka daga Manga, wasu daga Mahuta, washegari har daga Wasagu. Ban san wadda ta fara ba, amma wata ta tsinci gawayi a murhu ta rubuta sunanta a bangon zaure, ta bayanta ta karɓa. Ba wanda ya sa su. Tsofaffi ne, wasu da jikoki a goye, suna rubutun a hankali, harshe a waje, kamar yadda suka yi ranar da aka fara koya musu. Kafin a tashi zaman makoki bangon ya yi baƙi har iya inda hannu ke kaiwa, masu zuwa daga baya sai sun durƙusa suke samun wuri. Fasto ya daɗe a tsaye yana kallo, daga ƙarshe ya ce wa'azin da ya shirya bai kai wannan bango ba.

Alhaji mai hatsi, Bakaben da ya yi abota da Baba tun kafin a haifi matata, ya zauna a tabarma ɗaya da dattawan coci, hawaye na bin gemunsa. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, ni da nike karatun ajami tun ina yaro, 'yan boko na ce mani jahili. Mutumin ga yah hwara ce mani ƙarya ta, ni malami na, hannu guda kawai yar rage mani, na boko. Allah shi ba ku haƙuri."

Mutum ɗaya ce ba ta rubuta komai a bangon ba, ba ta kuma yi kuka a gaban kowa ba. Inna ce, matar Baba, uwar matata. Kowa ya san ba ta iya ba, ita kaɗai cikin sa'o'inta a unguwar. Ana cikin zaman makoki ta ɗauki kwando da fartanya ta nufi ramin yumɓu. Masu gaisuwa suka shiga kallon juna, don duk wanda ya tashi a ƙasar Zuru ya san abin da maginiya ke nufi in ta je ɗibar yumɓu ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba. A gargajiyarmu ta Dakarkari, in babba ya mutu, mata maginan tukwane kan gina masa tukunya ta musamman a ɗora a kan kabarinsa, don mai wucewa ya san a nan mutum yake kwance. Da coci ya yi ƙarfi aka daina, ana ce wa abin tsafi. Ƙanen Baba, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, dattijo ne a ikilisiya, kuma a ranar ya faɗa a gaban jama'a cewa muddin yana numfashi ba za a ɗora tukunya a kan yayansa ba. In an ɗora, shi zai fasa ta da hannunsa.

Saboda wannan tukunyar nake wannan rubutu, da kuma tsoron kada jikokinsa su tashi suna tsammanin wani tsohon soja ne kawai mai faɗa.

Ni ta hanyar golmo na san shi. Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa gidan surukai, shi da abokansa, damina bayan damina, kafin a ba shi mata. A lokacina abin ya fara sassauci, amma Baba ba ya cikin masu sassauci. Ina malamin firamare, na tara abokai, na ari garma, muka shiga gonarsa da sassafe. Da ya zo duba aiki ya bi kunyar da na yi da ido daga wannan kai zuwa wancan, ya ce macijin da ya sha burkutu ma ya fi ta miƙewa. Ya kama tafin hannuna ya juya, duk ya yi bororo. Ya ce, "Wannan hannun alli ne. Kar ka ɓata min gona. Zo in nuna maka taka."

Ya kai ni gindin wata ɗorawa a bayan gida. Ga tsofaffi zaune a kan duwatsu, ga wani guntun allo jingine da itace. Ya ce nan zan yi golmona, kuma ba zai cika ba sai kowane babba a unguwar ya iya karanta sunansa ya rubuta shi. Na yi dariya, na ɗauka wasan surukai ne. Shi bai yi dariya ba. Abokaina suka koma gida suna min ba'a cewa na tsere wa garma, ba su san wanda ya faɗa hannun Baba gara masa garmar ba.

Bayan wasu damuna ya ba ni matata, aka yi biki. Amma ranar ma sai da ya ja ni gefe ya ce mata dai an ba ni, golmo kuwa bai cika ba, saura mutum ɗaya. Daga nan abin ya zama gaisuwarmu. Ko a wurin suna, ko a kasuwa, ko a ƙofar coci, in ya hango ni sai ya ɗaga yatsa ɗaya. Ni kuma in sunkuyar da kai, don na san wa yake nufi, na kuma san ba ni da yadda zan yi da ita.

Dalilin Inna ba ɓoyayye ba ne, Baba da kansa yake faɗa. Duk lokacin da za a buɗe sabon aji, da wannan labarin yake farawa, yana tsaye ƙyam kamar a fareti. Suna samari, su ne na farko da suka iya karatu a unguwar, kai ya kumbura. Wata Lahadi suka tashi daga coci da waƙa a baki da taɓare a hannu, suka hau dutse, suka bi kaburbura suna farfasa tukwane. Cikin waɗanda ya fasa da hannunsa har da ta uwar Inna, wadda Inna da gwaggonta suka gina, alhali a lokacin yana kan golmon auren Inna. Da ciyawa ta rufe wurin, aka rasa ainihin inda kabarin yake har yau. Inna ta aure shi, don ta ce son da take masa daban, abin da ya aikata daban. Amma ta rantse hannunta ba zai taɓa rubutu ba, tunda ta ga abin da karatu ke sa mutum ya yi.

Baba kan ƙarasa labarin da magana ɗaya. Ya ce ranar yana iya karatu, amma tukunyar ba ta ce masa komai ba, yumɓu kawai ya gani. Da akwai suna a jikinta, da ya ga mutum, da taɓaryar ta tsaya a sama. "Shi ya sa nake so ku iya," in ji shi. "Ba don ku zama akawu ba. Don abinku ya iya magana ranar da ba ku nan."

Na ji wannan labari sau da yawa har na haddace. Ban san wani dattijo da ke tsayawa gaban ƙannensa da 'ya'yan cikinsa ya tona kansa haka ba, shekara da shekaru, ba tare da ya rage ko kalma ɗaya don ya fita da kyau ba.

A bariki ya koyi koyarwa, bayan yaƙi, lokacin da aka sa shi ya riƙa koya wa kurata karatu. Ya dawo gida da fansho da ƙafa mai ɗingishi da wata ɗabi'a ta ƙin fensir. Ya ce hannun da ya shekara hamsin yana riƙe garma, in ka ba shi fensir ka wulaƙanta shi, karyewa zai yi a ba shi kunya. Manoma da ƙotar fartanya suke rubutu a ƙasa, harafi ɗaya kamar faɗin tabarma, sai a hankali ake rage shi. 'Yan kabu-kabu kuwa hawa bayansu yake yi, ya sa su tsaya a gaban kowane allon hanya da kowane shago su karanta masa, in mutum ya yi kuskure a sake zagayowa. Mata masu zuwa asibiti da kwalaben magani suke zuwa aji, a karanta abin da ke jiki, a koyi safe da rana da yamma. Maginan tukwane kuma a kan ɗanyen yumɓu suke rubutu da yatsa, in ya karkace a shafe da ruwa a sake. Ni da na yi kwalejin malamai na fara da raina abin. Daga baya ni nake ɗaukar masa kwandon yumɓun.

Faɗa kam yana da shi. In ɗalibi ya yi fashi, gidansa zai je ya zauna a ƙofa, ba zai ce komai ba, ba zai sha ruwa ba, har sai an fito an bi shi. Ya taɓa korata daga aji a gaban kowa don na ce wa wata tsohuwa ta yi sauri. Ya ce ta riga ni zuwa duniya, ita ce za ta ce min in yi sauri. Amma shi ɗin ne, da wata bazawara ta daina zuwa don ba mai tsare mata gona daga birai, ya ɗauki ƙafarsa mai ciwo ya hau dutse ya zauna gadin dawarta duk ranar aji, har aka yi girbi. Ba ta san shi ne ba sai da ta tarar da shi yana gyangyaɗi a kan dakali da gwafa a hannu.

Ɗorawar nan da ya zaɓa, ba banza ya zaɓe ta ba. Tana daf da inda Inna ke ginin tukwanenta. Muna aji tana aiki, ta ba mu baya. In muka ɗaga murya muna a, ba, ca, sai ta ɗaga tata da waƙar Dakarci. In mata suka kwaɓa yumɓun aji ba daidai ba, sai ta jefo magana ba ta juyo ba, cewa ko ƙasar ma ba su iya riƙewa ba za su riƙe karatu. Baba ya yi lallashi, ya yi fushi, ya taɓa ƙin cin tuwonta na kwanaki. Ta ce ya huta, Alhaji mai hatsi ma yana da kaji da za su ci. Ta nuna masa gindin wata randa inda take danna alamarta, wasu layuka uku da ɗigo, ta ce daga nan har Mahuta ba wanda bai san wannan ba, rubutunta ke nan, ya ishe ta.

A shekarun da wayar hannu ta shigo Zuru, maganar karatun manya ta yi ƙarfi a ƙasa baki ɗaya. Ana darasi a rediyo, ana raba littattafai, jami'ai na yawo ƙauye ƙauye. Baba ya shige gaba kamar shi aka yi wa. Ya saya wa ajin rediyo, ya ɗaure ta a reshen ɗorawa, in mai darasi ya yi sauri sai ya riƙa yi mata tsawa. Ya bi majalisar ƙaramar hukuma, ya bi coci coci, ya bi masallatai tare da Alhaji, yana roƙon a ba da inuwa da benci. Abu ɗaya ya ƙi jini, kalmar yaƙi da jahilci. Ya ce shi ya je yaƙi, ya san kamanninsa, kuma matar da ta iya gane irin dawa goma da ido ba abokiyar gaba ba ce.

Labarinsa ya kai Birnin Kebbi, daga can aka sa sunansa cikin waɗanda za su je wani babban taro a Abuja kan karatun manya. Ni na raka shi. Ya ƙi tafiya sai da yumɓu a buhu, direba na ta ƙunƙuni. A zauren taro, mai sanyi kamar cikin randa, ya shimfiɗa yumɓunsa a kan teburin da aka rufe da farin ƙyalle, ya kira manyan baƙi su zo su sa yatsa. Wasu suka zo, suna naɗe hannun riga suna dariya. Sai ya shiga labarin tukunyar uwar Inna. Kowa ya kasa kunne. Da ya tsaya a nan da ya gama da su, amma Baba bai san gajarta magana ba, ya zarce labarin bariki har aka zo aka karɓe abin magana daga hannunsa da ladabi. Bai ji haushi ba. Abin da ya riƙe daga tafiyar shi ne wata mata daga kudu, mai koyar da masunta, da ta same shi a waje ta ce ita a kan jiƙaƙƙen yashi take koyarwa. Suka zauna a kan matakala suna ta musayar dabara da guntun Turanci. A mota yana ta murna kamar yaro, wai ashe ba shi kaɗai ne mahaukaci a ƙasar nan ba.

Da muka dawo ya ba Inna labari, har da tafin da aka yi masa. Ta ce ya kyauta, ya kai uwarta Abuja, saura ya nuna mata inda take kwance. Ina wurin. Baba ya cire hularsa ya riƙe.

A daminar da zai rasu ƙafa ta hana shi fita, sai a ɗauko shi a kujera a ajiye a gindin ɗorawa. Wata rana da yamma aji ya watse, Inna na shafa bakin wani tulu, ya kira ta da sunan da yake kiranta, uwar gida. Ya ce in ya mutu yana son tukunya a kansa, ta hannunta, ya san bai cancanta ba amma yana so. Ya ce kuma a sa rubutu a jiki, don ya san irin mutanen da ke hawa dutse, shi ma ɗayansu ne.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Zaɓi ɗaya. Tukunya ko rubutu."

Ya ce, "Duka biyun."

Ta ce kwaɗayinsa ne zai kashe shi. Bayan 'yan kwanaki ya cika da safe, a kujerar nan, rediyo na magana a kansa.

Da aka watse daga makoki Inna ta aika a kira ni. Tsakanin suruki da surukuwa a wurinmu akwai kunya, ban taɓa zama ni da ita mu biyu ba. Na durƙusa daga nesa. Ta turo min faranti na ɗanyen yumɓu da ƙafa, ta ɗaga yatsa ɗaya kamar yadda yake yi. Ta ce, "Golmonka bai cika ba, Malam. Matso."

Na yi ƙoƙarin sauƙaƙa mata. Na ce ta gina tukunyar ni in rubuta, ta ce ba ni ya aura ba. Na ce to in riƙe mata yatsa, ta ce in riƙe na matata. Na tambaye ta ko sunansa za a sa da shekarunsa, yadda ake yi a allon siminti. Ta ce wanda ya zo fasawa ya san sunan, ba suna zai tsayar da shi ba. Ta faɗa min abin da take so, da Hausa, don ta ce mai fasa tukunya ba yare ɗaya gare shi ba. Ta kuma ce ba zane take so in ba ta ta kwafa kamar adon tulu ba. Sai ta san abin da kowane harafi ke faɗi, don ba za ta ɗora wa mijinta maganar da ita kanta ba ta ji ba.

An sa taron tunawa da shi bayan girbi, ranar da za a hau dutse a gyara kabari. Lokacin da muke da shi ke nan. Idonta ya yi rauni, sai ta kusa sa hanci a yumɓu take gani. Hannun da ke fitar da randa a mulmule ba tare da awo ba, ya zo kan haruffa ya kasa. Tana juya su baya, tana haɗa biyu su zama ɗaya, tana zagina da Dakarci, tana zagin Baba da ya tafi ya bar ta da wahala. Ta rushe tukwane da dama suna ɗanye don rubutun bai yi mata ba. Wadda ta yi kyau kuma ta tsage a wuta. Ranar ta zauna a gaban toka ta yi kukan da ba ta yi a makoki ba, ni kuma na tashi na ba ta wuri. Washegari na same ta ta riga ta dawo daga ramin yumɓu.

Na koyar da mutane da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya koyi karatu da fushi irin nata ba, ban kuma ga wanda ya riƙe shi kamarta ba. Wata rana muna zaune 'yar jikarta ta wuce da gwangwanin madara, Inna ta fizge shi ta ƙura masa ido, ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har kalmar ta fito daga bakinta. Ta ce ashe duk shekarun nan kaya na ta magana a gidanta ba ta sani ba.

Baba Ƙarami bai sauka daga bakansa ba. Ya zo gida sau biyu, ya ce yayansa ya mutu cikin bangaskiya, ba za a mai da shi baya ba. Ba mugu ba ne, da gaske yake tsoron abin, kuma shi ma yana cikin samarin da suka hau dutse a waccan Lahadin, shi ke ba da waƙa. Fasto ya ce shi ba zai hana ba, ba zai kuma sa hannu ba. Matata ta roƙi uwarta ta bari don zaman lafiya. Inna ta ce mata ta je ta duba tuwonta.

Ranar taro muka hau dutse da hantsi, jama'a kamar ranar kasuwa. Ga matan aji, ga 'yan kabu-kabu a ƙafa, ga Alhaji yana haki yana dafa sanda. Inna ce a gaba, tukunyar a kanta lulluɓe da zane, ta hana kowa taya ta. Da muka isa, Baba Ƙarami na tsaye a kan kabarin da taɓarya a hannu. Na san in ya fasa ta Inna ba ta da idon da za ta sake gina wata.

Ta durƙusa ta sauke, ta gyara mata zama a kan duwatsun, ta yaye zanen, ta ja da baya. Tukunyar ja ce, mai dogon wuya, da ado irin na dā da ban taɓa gani ba sai a tsingaro. Rubutun ya zagaye kafaɗarta, manyan baƙaƙe, wasu sun jingina da juna, na ƙarshe ya ɗan gangara don wuri ya ƙare mata. A ƙasa ga layukanta uku da ɗigo.

Baba Ƙarami ya ɗaga taɓaryar. Amma mutum ne da ya shekara hamsin yana karanta Littafi a gaban ikilisiya, idonsa ba ya iya wuce rubutu bai karanta ba. Na ga bakinsa na motsi. Ya sunkuya, ya bi tukunyar da kallo yana zagayawa, kuma da yake ya saba karatu da ƙarfi, sai muryarsa ta fita kowa ya ji.

"Mijina ne. Kada a fasa."

Ba wanda ya motsa. Ya daɗe a sunkuye. Ya tambaya, ba tare da ya kalli kowa ba, ko wa ya rubuta. Inna ta ce ita ce. Ya sauke taɓaryar a hankali ya jingina ta da dutse, ya zauna a ƙasa kusa da kabarin yayansa, ya rufe fuska da hula. Can ya ce da Inna, cikin Dakarci, yana jin ya tuna wajen da uwarta take, kusa da wata tsamiya ce ta gabas, in tana so su je su duba. Ta ce ba yau ba, yau ranar mijinta ce, amma ya shirya gobe.

Na tsaya a wurin ina jin tsoro irin wanda mutum ke ji in ya ga magana ta cika a gabansa. Abin da Baba ya shekara yana faɗa a gindin ɗorawa, muna gyaɗa kai don ladabi, ga shi ya faru a kan kabarinsa, da hannun matar da ta fi kowa ƙin maganar, a kan ƙanen da ya fi kowa taurin kai. Allah ya ba shi hutawa, ya gafarta masa taɓaryar ƙuruciya, ya sa ladan kowane harafi da aka rubuta a ƙasar nan da ƙotar fartanya ya same shi.

Da muna saukowa Inna ta tsaya ta jira ni, abin da surukuwa ba ta yi. Ta ce golmona ya cika, in je in huta. Da muka iso gida ba ta shiga ɗaki ba. Ta tsinci gawayi a murhu, ta tsaya gaban bangon zaure tana neman wuri, duk sunaye sun cika shi. Sai da na kawo mata turmi ta taka, ta rubuta nata a can sama.